Rana da Ƙanƙara: Tarihin Zargi Mai Shekara 400

Sarki Luwi na 14 na Faransa, wanda ake yi wa laƙabi da Sarkin Rana, ya hau gadon sarauta a 1643, ya rasu a 1715. A kusan daidai wannan tsawon zamani, ita ainihin Ranar da aka ara masa sunanta sai ta yi likimo. Baƙaƙen tabon da masana taurari suka saba gani a fuskarta tun zamanin Galileo suka yi ɓatan dabo. Kuma ba rashin masu dubawa ba ne. An kafa gidan nazarin taurari na birnin Paris a 1667, na Girinwic a Ingila ya biyo baya a 1675, ga ƙwararru sun kafa madubin hangen nesa suna jira. Duk da haka, daga 1672 zuwa 1699 tabon da aka lissafa bai kai 50 ba, alhali a irin wannan tsawon lokaci a zamaninmu akan ga 40,000 zuwa 50,000.

A waɗannan shekarun ne kuma sanyi ya gallabi arewacin Turai. A farkon 1658 Sarkin Suwidin, Kal Gustaf na 10, ya ratsa mashigin teku da dakarunsa da dawakai da igwa a kan ƙanƙara, ya auka wa Denmak ta inda ba ta taɓa zato ba. A hunturun 1683 zuwa 1684 Kogin Tems ya daskare wajen wata biyu a tsakiyar Landan, har aka kafa rumfuna aka ci kasuwa a kansa. A 1695 ƙanƙarar teku ta yi wa tsibirin Aisland ƙawanya, masunta suka rasa hanyar fita. Yunwar da ta biyo bayan lalacewar amfanin gona a Finland tsakanin 1695 da 1697 ta kashe abin da ya kai rubu'i zuwa sulusin mutanen ƙasar.

Rana ta yi shiru, ƙanƙara ta yi yawa. Duk mai hankali zai ce ruwa ba ya tsami banza. Amma tabbatar da wannan zargi, ko wanke Rana daga gare shi, ya ci rayuwar masana da dama, kuma a ƙarshe ba a sararin sama aka samo mafi yawan hujjojin ba. A cikin ƙanƙarar kanta aka tono su.

Tabon Rana wuri ne da maganaɗisunta ya yi ƙarfi har ya danne zafin da ke tasowa daga ciki. Sauran fuskarta na da zafin wajen digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyas, shi kuwa tabon bai cika wuce 4,000 ba, shi ya sa yake bayyana baƙi. Wani tabon ya fi duniyarmu faɗi. Masu lura da taurari a fadar sarakunan Sin sun daɗe suna rubuta ganinsa da ido tun kafin haihuwar Annabi Isa, amma sai daga 1610, da madubin hangen nesa ya shigo hannu, aka fara bin sa kullum. Galileo ya ce a jikin Rana tabon yake. Wani limamin Kirista Bajamushe, Christoph Scheiner, ya ce ƙananan duniyoyi ne ke giftawa, don a ganinsa bai kamata a ce Rana tana da aibi ba. Galileo ne ya yi gaskiya.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ɗaura tabon da yanayin ƙasa a rubuce shi ne William Herschel, mutumin da ya gano duniyar Yuranus. A 1801 ya ɗauko jerin farashin alkama daga littafin Adam Smith na tattalin arziki, ya jera shi da shekarun ƙarancin tabo, ya ce a irin waɗannan shekaru alkama takan yi tsada. Aka yi masa dariya. Lissafin nasa ba shi da ƙwari, gaskiya ne, amma tambayar da ya jefa ba ta mutu ba.

Sai wani mai sayar da magani a garin Dessau na Jamus, Heinrich Schwabe. Shi ba tabo ya fita nema ba. Wata duniya yake farauta da ake zaton tana tsakanin Rana da Makyuri, kuma don kada ya rikita ta da tabo, sai ya riƙa zana kowane tabo da ya gani a duk ranar da gari ya waye garau, tun daga 1826. Duniyar ba ta samu ba, domin babu ita. Abin da ya samu bayan shekara 17 ya fi ta daraja: a 1843 ya sanar cewa tabon yana yawaita ya ragu a kan wani zagaye na kimanin shekara 10. Rudolf Wolf na Suwizalan ya bi tsofaffin takardu ya gyara lissafin zuwa shekara 11. Daga nan fa kasuwa ta buɗe. Babu abin da ba a jingina wa zagayen nan ba, daga damunar Indiya zuwa karyewar bankuna, kuma yawancin waɗannan alaƙoƙi sukan rushe da zarar an ƙara musu shekaru.

A ƙarshen ƙarni na 19 wani Bajamushe, Gustav Spörer, da ma'aikacin Girinwic, Walter Maunder, suka lura da giɓin 1645 zuwa 1715 a tsofaffin rubuce-rubuce. Maunder ya yi rubutu a kai a 1894, ya sake a 1922, aka yi kunnen uwar shegu da shi. An ɗauka mutanen da ne ba su iya dubawa ba. Matarsa Annie, gwanar lissafi da ta yi karatu a Kambirij a zamanin da jami'ar ba ta ba mata digiri, ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da shi na shekaru, ko da yake sunan mijin ne ya fi fita.

Yayin da wannan magana ke kwance, wani injiniyan gine-gine ɗan Sabiya ya tunkari batun ta wata fuska dabam. Milutin Milankovic bai damu da ko hasken Rana yana ƙaruwa ko raguwa ba. Tambayarsa ita ce: ko da Rana ba ta canza ba, nawa ne rabon kowane yanki na duniya daga haskenta a kowane lokaci na shekara, idan aka koma baya shekaru dubbai? Domin duniya ba a tsaye cak take ba. Karkatarta tana kai-komo tsakanin digiri 22.1 da 24.5 a duk shekara 41,000. Hanyar da take bi ta kewaya Rana tana ɗan miƙewa ta sake zama da'ira a wajen shekara 100,000. Sannan kanta yana layi irin na katantanwar da yara suka murza ta fara gajiya, abin da ke sauya lokacin shekarar da take fi kusantar Rana a kan zagayen wajen shekara 21,000.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya same shi yana sabon aure a 1914, a yankin da ke hannun daular Ostiriya da Hangari, aka tsare shi a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba. Wani malaminsa ya sa baki aka mayar da shi Budafes, aka bar shi yana shiga ɗakin karatu. Can ya ci gaba da lissafi da alƙalami da takarda. Masanin yanayi Wladimir Köppen ne ya nuna masa inda gizo ke saƙar: ba tsananin hunturu ke tara ƙanƙara ba, raunin bazara ne. A arewa mai nisa dusar ƙanƙara za ta zuba ko ta halin ƙaƙa. Abin dubawa shi ne ko bazara tana da ƙarfin narkar da ita. In ta kasa, ta bana za ta hau kan ta bara. Farar dusa sabuwa tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, alhali buɗaɗɗen teku yana shanye fiye da kashi 90. Saboda haka ƙanƙara tana kiran sanyi, sanyi yana kiran ƙanƙara. Milankovic ya ɗauki layin digiri 65 na arewa a matsayin ma'auni, ya nuna cewa hasken bazara a can yana hawa da sauka da wajen kashi 20 cikin 100. Babban littafinsa yana wurin ɗab'i a Belgired lokacin da jiragen Jamus suka yi wa birnin ruwan bama-bamai a watan Afrilun 1941. Ya rasu a 1958, yawancin masana ba su gamsu da shi ba.

Wannan lissafi bai tsaya a ƙasashen ƙanƙara ba. Ƙarfin hasken bazarar wajen shekara 11,000 da suka wuce, wanda ya riƙa narkar da tulin ƙanƙarar Kanada da Sikandinebiya, shi ne ya janyo damuna can cikin Sahara. Tafkin Chadi ya kai faɗin wajen murabba'in kilomita 350,000. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, a yankin da ke Jihar Yobe a yau, ya kai kimanin shekara 8,000, kuma raƙuman dawan da aka sassaƙa a duwatsun Dabous na Abzin sun fito ne daga wannan zamani na ruwa da ciyawa.

Hujjar da ake nema ta fito daga wurin da ba a zata ba, wato Yaƙin Cacar Baka. A 1959 sojojin Amurka suka haƙa wani sansani a ƙarƙashin ƙanƙarar arewa maso yammacin Girinland, suka sa masa suna Camp Century. Akwai ramuka masu tsawo, da ɗakunan kwana, da asibiti, da majami'a, da ɗan injin nukiliya mai ba da wuta. A fili an ce bincike ake yi. A ɓoye ana gwada ko za a iya jibge makamai masu linzami a ƙarƙashin ƙanƙara a auna Tarayyar Sobiyet. Shirin ya wargaje saboda ƙanƙarar tana motsi tana matse ramukan. Amma masu binciken da aka rakito sun yi nasu aikin: a 1966 suka huda tulin har ƙasa, suka zaro sandar ƙanƙara mai tsawon kusan mita 1,390.

A Kofanhagen akwai mutumin da ya san yadda za a karanta ta. Willi Dansgaard ya fara ne a 1952 da tarar ruwan sama a kwalabe a farfajiyar gidansa, yana auna nau'in iskar oksijin mai nauyi da ke ciki. Ya gano cewa gwargwadon sanyin gajimaren da ruwa ko dusa ta fito, gwargwadon ƙarancin wannan nau'i mai nauyi. Ashe kowane falle na dusar da ta danne ta zama ƙanƙara yana riƙe da labarin zafin shekarar da ya zuba. Da aka ba shi gutsattsarin sandar Camp Century, sai ga tarihin yanayi na wajen shekara 100,000 a jere, ya wallafa shi a 1969. Daga baya aka zaro waɗanda suka fi ta: Turawa da Amurkawa sun wuce mita 3,000 a tsakiyar Girinland a 1992 da 1993, a tashar Bostok ta Rasha a Antaktika an kai mita 3,623 a 1998, a Dome C ta Antaktika kuma an samu ƙanƙarar shekara 800,000.

Shekarar 1976 ta zo da takardu biyu a mujallar Science da suka farfaɗo da matattu biyu. A ta Disamba, James Hays da John Imbrie da Nicholas Shackleton suka nuna daga lakar ƙasan teku cewa zuwa da tafiyar manyan zamunan ƙanƙara sun bi zagayen da Milankovic ya lissafa. A ta Yuni kuwa, wani masanin Rana a Boulder ta Amurka, Jack Eddy, ya tono maganar Maunder. Shi da kansa ya ce ya shiga binciken ne da niyyar ƙaryata ta. Sai ya tarar da cewa a waɗancan shekaru 70 hasken nan mai launi da ke rawa a saman ƙasashen arewa da dare ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma zoben shekara da ke cikin kututturen itatuwa yana ɗauke da ƙarin kabon-14. Ya raɗa wa zamanin sunan Maunder, ya kuma nuna yadda ya faɗo a tsakiyar abin da ake kira Ƙaramin Zamanin Ƙanƙara.

Me ya haɗa kabon-14 da Rana? Daga can cikin taurari wasu ƙwayoyin zarra masu tsananin gudu suna yi wa duniya ruwa dare da rana. Idan Rana tana kan ganiyarta, maganaɗisunta yakan kore da yawa daga cikinsu. Idan ta yi sanyi, sai su kwararo, su fasa ƙwayoyin iskar sama, su haifar da kabon-14 da wani sinadari, beriliyom-10. Itatuwa su shaƙi na farko. Na biyun ya manne wa ƙura, ya sauko cikin shekara ɗaya ko biyu, dusa ta binne shi. Masana irin su Jürg Beer na Suwizalan sun auna shi falle-falle a ƙanƙarar Girinland, suka ga zagayen shekara 11 ɓaro-ɓaro, har ma a cikin zamanin Maunder lokacin da babu tabon gani. Da wannan aka san cewa Rana ta yi irin wannan dogon likimo fiye da sau 20 a shekara 11,000 da suka wuce. A nan ƙanƙara ta zama abin da babu kamarsa: sanda guda tana ɗauke da labarin Rana da labarin sanyi a falle ɗaya, ba sai an yi ta kame-kamen daidaita kwanan wata ba.

Sai dai akwai mai laifi na biyu da sawunsa ke cikin wannan fallen, kuma labarin mutanen Girinland na da ne ya fi fito da shi.

Wajen shekarar 985 Erik Mai Jan Gashi ya jagoranci jiragen 'yan Aisland suka kafa ƙauyuka a kudu maso yammacin Girinland. Sun yi kiwon shanu da tumaki, sun gina majami'u, har da bishof. Arzikinsu haƙorin walrus ne, wata dabbar teku mai dogayen haure, wanda ake sassaƙawa a Turai. Wajen 1350 matsugunin yamma ya zama kufai. Rubutu na ƙarshe da aka samu game da su na wani ɗaurin aure ne a majami'ar Hvalsey a watan Satumban 1408. Da mai wa'azi Hans Egede ya je nemansu a 1721, bango kawai ya tarar, sai kuma Inuwit mazauna yankin, waɗanda sanyin bai hana su rayuwa ba. Ƙasusuwan mutanen sun nuna cewa a ƙarshen zamaninsu fiye da rabin abincinsu daga teku yake fitowa, alamar kiwo ya ja baya. An daɗe ana nuna Rana da yatsa, tunda ta yi wani likimon tsakanin wajen 1280 da 1350.

A 2012 Gifford Miller na Jami'ar Kolorado da abokan aikinsa suka kawo wata shaida daga Tsibirin Baffin na Kanada. Suna bin bakin ƙanƙarar da ke ja da baya, suna tsintar gansakukar da ta fito daga ƙarƙashi, busasshiya, saiwarta na nan a ƙasa yadda dusa ta rufe ta da ranta. Da aka auna shekarunta, sai aka ga da yawa sun mutu a tsakanin 1275 da 1300, wasu kuma tsakanin 1430 da 1455. Wato ba a hankali sanyin ya sauko ba, faɗowa ya yi. Kuma ƙanƙarar Girinland da ta Antaktika duka suna ɗauke da wani kauri na sinadarin farar wuta daga wajen 1258, mafi girma a shekaru dubu da suka wuce. A 2013 aka gano mai shi: dutsen Samalas a tsibirin Lombok na Indunusiya, wanda ya yi aman wuta a 1257. Wasu duwatsun suka biyo baya a cikin shekara 50. Hayaƙin aman wuta yakan tare hasken Rana na shekara biyu ko uku ne kawai, amma lissafin su Miller ya nuna cewa idan bugun ya zo a jere, ƙanƙarar teku takan faɗaɗa, ta gangaro Tekun Atlantika ta raunana ruwan ɗumin da ke zuwa arewa, sanyin ya riƙe kansa da kansa na ƙarnoni. Ga kuma annobar da ta shiga Norwe a 1349, ga hauren giwar Afirka da ya karya kasuwar na walrus. Ɗora ƙarshen mutanen nan a kan tabon Rana kaɗai rowar tunani ce.

Haka abin yake a sauran wurare. Likimon Rana na wajen 1790 zuwa 1830 ya zo da sanyi, amma a cikinsa ne wani dutse da har yau ba a tantance ba ya yi amai wajen 1809, dutsen Tambora ya biyo a 1815, shekarar 1816 ta zo wa Turai da Amurka babu bazara. Kasuwar kan Kogin Tems ma, wadda aka yi ta ƙarshe a 1814 har aka ratsa da giwa, tana da nata bayanin: tsohuwar gadar Landan mai ƙananan ƙofofi 19 tana tare ruwa, da aka rushe ta a 1831 kogin ya daina daskarewa haka. Kuma a tsakiyar zamanin Maunder ne aka yi bazarar 1666 mai zafi da fari, wadda ta share wa babbar gobarar Landan hanya.

Rana ma ta taimaka wajen kama abokin zarginta. A 2012 wata ɗaliba a Jami'ar Nagoya, Fusa Miyake, ta gano tsallen kabon-14 a zoben itacen sida na Japan na shekarar 774 zuwa 775, sawun wata gagarumar guguwar Rana. Da aka nemo wannan tsalle a beriliyom na ƙanƙara, sai aka ga lissafin shekarun ƙanƙarar ya kauce da wajen shekara 7. Michael Sigl da abokansa suka gyara shi a 2015, kuma da gyaran ya zauna, sai ga shi 15 daga cikin bazara 16 mafi sanyi tsakanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa da shekara ta 1000 sun biyo bayan manyan aman wuta ne.

To nawa ne ainihin canjin hasken Rana? Charles Abbot na cibiyar Smithsonian ya shafe shekaru yana aunawa daga kan duwatsu, amma iskar sama ta riƙa ɓata masa lissafi. Sai a watan Oktoban 1978 aka harba tauraron ɗan'adam Nimbus-7. Yana ɗauke da na'urar auna hasken Rana, yana kuma ɗauke da wadda ke ganin ƙanƙarar teku ta cikin gajimare da duhu, saboda haka kundin biyu tare suka fara. Amsar ta ba da mamaki ta fuska biyu. Rana ta fi haske ne lokacin da tabo ya yi yawa, domin wurare masu ƙyalli da ke rakiyar tabon sun fi shi tasiri. Sannan bambancin kansa ɗan mitsitsi ne: kashi 0.1 cikin 100 na wat 1,361 da ke sauka a kowane murabba'in mita a saman sararin duniya. Abin da yake motsa zafin duniya da shi bai wuce wajen digiri 0.1 ba.

Duk da haka ba a sallami Rana ba, don akwai wata ƙofar baya. Hasken altirabayolet, wanda ido ba ya gani, yana canzawa da kashi da dama cikin 100, kuma iskar ozon da ke can sama, kilomita 20 zuwa 50, ita ke shanye shi ta ɗumama. A 1987 Karin Labitzke ta Jami'ar Balin ta nuna cewa zafin wannan bene na sama a ƙuryar arewa a lokacin hunturu yana bin zagayen Rana, muddin aka ware shekarun bisa alkiblar wata iska ta saman tsakiyar duniya. Joanna Haigh ta Landan ta nuna a 1996 yadda canjin zai iya gangarowa ƙasa. Bayanin shi ne, a duk hunturu wata iska mai ƙarfi tana kewaye ƙuryar arewa tana tsare sanyi a ciki. Idan altirabayolet ya ragu, kewayen yakan yi sako-sako, iskar yamma mai ɗumi da ke shiga Turai daga teku ta raunana, sanyin Sibiriya ya samu hanya. Mike Lockwood na Jami'ar Reading ya samu alamar haka a 2010 a kundin zafin tsakiyar Ingila da ya faro tun 1659.

Abin lura, wannan rabon sanyi ne aka sauya, ba yawansa ba. Wani mai wa'azi ɗan Denmak, Hans Egede Saabye, ya rubuta tun shekarun 1770 cewa duk shekarar da hunturu ya tsananta a Denmak, na Girinland yakan zo da sauƙi. An ga haka a 2010, jim kaɗan bayan raunin Rana: Birtaniya ta yi Disamba mafi sanyi a cikin shekara 100, alhali Nuuk, babban birnin Girinland, ya yi shekara mafi ɗumi a tarihin awonsa. Ko wannan alaƙar ma ba kowa ya yarda da ita ba. Wani nazari na 2019 ya ce za ta iya zama dacen lissafi ne kawai, tunda zagayen shekara 11 kaɗan ne aka auna da kyau. Ra'ayin Henrik Svensmark na Denmak kuwa, cewa ƙwayoyin nan na cikin taurari ne ke shuka gajimare, an gwada shi a cibiyar CERN ta Janeba, tasirin da aka samu bai kai ya juya yanayi ba.

Gwaji mafi girma Rana ce da kanta ta shirya shi. A 2008 da 2009, kowace shekara an yi fiye da kwana 250 babu tabo ko ɗaya, rauni mafi zurfi a kusan ƙarni guda, kuma zagayen da ya biyo baya shi ne mafi rauni a shekara 100. Da a ce ita ke riƙe da linzami, da ƙanƙarar Aktik, wato ƙuryar arewa, ta farfaɗo. A shekarun 1980 abin da ke saura na ƙanƙarar teku a watan Satumba yakan kai wajen murabba'in kilomita miliyan 7. A Satumban 2012 ya faɗo zuwa miliyan 3.4. A watan Yulin wannan shekarar kashi 97 cikin 100 na saman tulin Girinland ya jiƙe da narkewa cikin 'yan kwanaki. Tun 2002 tsibirin yana asarar wajen tan biliyan 270 na ƙanƙara a shekara, kuma a 14 ga Agustan 2021 aka ga ruwan sama a tashar da ke ƙololuwarsa, karo na farko a tarihin awo. Yankin Aktik yana ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya tun 1979, kuma ɗumamar ta fi ƙarfi a kaka da hunturu, lokacin da Rana ba ta ma leƙowa can. Benen sama kuwa, wanda ya kamata ya fara zafi in da Rana ce, sanyi yake ƙarawa. Lissafin Milankovic ma ba ya ceton zargin: hasken bazarar arewa yana raguwa a hankali, wani nazari na 2009 ya nuna Aktik ta yi shekara 2,000 tana hucewa kafin ƙarni na 20 ya juya akalar.

Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya sa alƙaluman gefe da gefe: daga 1750 zuwa 2019 ayyukan ɗan'adam sun ƙara wa duniya wajen wat 2.7 a kowane murabba'in mita, canjin Rana kuwa wajen 0.01. Jaridun da suka yi ta yayata a 2015 cewa sabon zamanin ƙanƙara na tafe a 2030 ba su kula da lissafin da Georg Feulner da Stefan Rahmstorf na Potsdam suka yi tun 2010 ba, wanda ya nuna ko da irin likimon Maunder ya dawo, abin da zai rage daga zafin ƙarshen wannan ƙarni bai wuce digiri 0.1 zuwa 0.3 ba.

Sandar Camp Century ba ta gama magana ba. Masu haƙar 1966 sun zarce cikin ƙasar da ke ƙarƙashin ƙanƙarar da mita uku da ɗoriya, suka zuba daskararriyar lakar a kwalabe, aka manta da ita. A 2017 aka sake ganinta a wani ɗakin sanyi a Kofanhagen. Da aka wanke ta, sai ga ƙirare da ganye da gansakuka. Awon da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa wurin, wanda a yau ke ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin kusan kilomita ɗaya da rabi, fili ne mai ciyayi kimanin shekara 416,000 da suka wuce, a wani dogon zamanin ɗumi da zagayen duniya ya kawo. Kumfar iskar da ke maƙale a ƙanƙarar Antaktika ta nuna iskar kabon a lokacin tana wajen kashi 280 cikin miliyan. A yau ta haura 420.

A watan Janairun 2025 wata tawagar Turai ta sanar cewa ta kai zurfin mita 2,800 a wani wuri kusa da Dome C, ta zaro ƙanƙarar da ta kai shekara miliyan 1.2. Abin da suke nema shi ne dalilin da ya sa, wajen shekara miliyan ɗaya da suka wuce, zamunan ƙanƙara suka bar zagayen shekara 41,000 suka koma na 100,000, alhali babu abin da ya sauya a tafiyar duniya ko a rabon hasken da take samu. An ɗauko sandunan a jirgin ruwa cikin sanyin digiri 50 ƙasa da sifiri zuwa ɗakunan bincike na Turai, inda ake narkar da su kaɗan-kaɗan ana auna kabon da ƙura da beriliyom da ke ciki.